Kazar Inna a Ƙarƙashin Gadona

Salamu alaikum, 'yan uwa. Na san wasunku za su yi dariya idan na ce kaza ce ta hana ni cin abinci kwana huɗu. Ku yi dariyarku ku gama. Wanda bai san ni ba, sunana Turai, shekarata ashirin da shida. 'Yar Birchi ce ni, amma shekara biyar ke nan ina zaune a Dutsin-Ma wajen ƙanwar babana, Gwaggo Talatu. Ciki da falo muke haya a wani gida mai sassa huɗu da rijiya a tsakiya. Ɗinki nake yi, kekena yana bakin taga.

Shekara ashirin da shida a Birchi ba ƙaramar magana ba ce. Ƙannena biyu suna ɗakunansu, ɗaya har da goyo. Duk ranar da na kira gida, kafin mahaifiyata ta tambayi lafiyata sai ta tambayi mutumin Kurfi. Mutumin Kurfi shi ne Ikrima. Gyaran injin ban-ruwa yake yi a wajen madatsar ruwan Zobe, dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, kullum farcensa da baƙin mai komai wankin da ya sha. Ba zan tsaya kwana-kwana ba, ina son shi, so mai yawa ma, kuma shi ya jefa ni halin da nake ciki.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, tana da wata al'ada da ta ce wajen kakanninta ta gada. Ba a sa wa ɗanta rana da yarinya sai an gwada hannunta. Za ta aiko da kaza mai kwanci tare da ƙwanta, yarinya ta riƙe kwana ashirin da ɗaya. In an ƙyanƙyashe, hannu mai albarka ne, a sa rana. In ƙwai ya lalace ko kazar ta salwanta, Inna ba ta faɗa, ba ta zagi, shiru kawai za a ji. Kafin ni an yi da wata Sumayya 'yar Wurma, shekara uku da suka wuce. Ko ɗan tsako ɗaya ba ta samu ba. Magana ta zaga cewa farar ƙafa gare ta, har yau tana gidansu. Allah Ya yafe mini, ni kaina na taɓa cewa a gidan biki, "Mace har mace, riƙon kaza ya gagare ta?" Aka yi ta shewa, ni kuma ina jin daɗi na yi magana.

To, tawa kazar ranar wata Juma'a ta iso, a kwando bayan mashin ɗin Ikrima, an rufe ta da tsohon zane. Ja ce mai ɗigon fari a wuya. Ƙwan kuma goma sha ɗaya, a kwanon sha, an binne su cikin dusa.

"Inna ta ce a gaishe ki," in ji shi. "Ta ce amana ce."

"Kai fa, me ka ce?"

Ya tsura wa tayar mashin ɗinsa ido. "Addu'a za mu yi ta yi, Turai."

Na ɗauka kunya ce ta hana shi kallona. Na yi mata gurbi a fasasshiyar tukunya da yashi da toka, a lungun bayan madafa inda ba mai leƙawa. Kafin la'asar ta haye ƙwanta ta baje fukafukai. Ni da na tashi cikin kaji, har a raina nake cewa Inna ta raina ni da wannan jarrabawa. Kwana goma lafiya lau.

Ranar Litinin da safe ina yankan wata atamfa sai na ji Gwaggo daga ƙofar gida.

"Ke Turai! Hito ki karanta mani, mi anka liƙa mana nan?"

Takarda ce a jikin ƙyaure, da hatimi a sama. Matsalar ita ce da kwaɓin fulawa aka liƙa ta, aka kuma liƙa ta ƙasa-ƙasa, awakin layinmu sun riga mu karantawa. Rabin ƙasa duk sun cinye. Abin da ya rage shi ne: "Sanarwa daga ofishin duba-gari. Duk masu kiwon kaji da agwagi a cikin gidaje su sani cewa ranar Alhamis za a..." Nan ta ƙare, da shatin haƙori.

Za a me? Na bi layin gida-gida da silifas ɗina wari da wari, duk ƙofar da na je ko an cinye ko ruwan daren jiya ya sa ta saɓule. Na buɗe guruf ɗin matan unguwa a waya, na tarar da saƙon murya ya fi talatin. Wata ta ce kaji sun mutu rututu a layin bayanmu, don haka za a kwashe na kowa a ƙone. Wata ta rantse da Allah tarar kuɗi kawai ake ci. Wata ta ce mijin ƙawarta ya ce sai wanda kajinsa suka wuce goma. Wata kuma ta ce an hana kiwo a cikin gari gaba ɗaya tun bara, mu ne ba mu sani ba. Kowace da muryar wadda aka rubuta dokar a gabanta.

Gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi. "In goma ce iyaka mun shiga uku. Ƙwai sha ɗaya, ga uwassu, sha biyu kenan."

"Gwaggo, ƙwai ai ba kaza ba ne."

"Ke kinka rubuta dokar?"

Ban rubuta ba. Don haka na jira tsakar gida ta yi shiru, na ɗauki tukunyar da kazar a kai, ina tafiya kamar mai ɗauke da tafasasshen mai, na tura ta ƙarƙashin gadona na saki zanen gado har ƙasa. Duk wanda ya san kaji ya san mai kwanci ba ta son a motsa ta, tana iya tashi ta bar ƙwan har abada. Na kwanta rub da ciki a siminti ina leƙen ta, ina roƙon ta kamar mutum. Ta harare ni, ta gyara zama. Sai a lokacin na saki numfashi.

Na rubuta wa Ikrima duk abin da ake ciki. Amsarsa ba ta jima ba.

"In sun zo ki bar su su ɗauke ta. Ai ba laifinki ba ne, hukuma ce."

Raina ya ɓaci. Na rubuta, "Inna za ta ce ƙafata ce ta jawo hukuma gidan. Ko ka manta Sumayya?"

Ya karanta, bai amsa ba. Can da yamma ya turo, "Ki ci abinci dai."

Abinci ina? Daga ranar ko ƙarar mashin na ji a layi sai in leƙa ta taga. Ɗakin ya fara wari, na turara turaren wuta har idona na yaji. Masu kawo ɗinki a bakin ƙofa nake tare su, ina aunawa ina waige.

Talata da hantsi sai ga sallamar mai gidan, Alhaji Sodangi. Dattijo ne mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda ke kaɗe tabarma kafin ya zauna ko da yanzu aka shimfiɗa ta. Ya ce ya zo duba rijiya kafin Alhamis. Gwaggo ta ajiye masa kujera a daidai ƙofar ɗakinmu, don ruɗewa. Bai gama zama ba kazar ta yi wannan gurnanin na masu kwanci, ƙurrr, daga ƙarƙashin gado.

Na yi tsalle na haye keke. Ba zare a allurar, ƙyallen ma guntun da na yar ne, amma na shiga taka shi da dukan ƙarfina. Alhaji na magana, keke na ruri. In na sassauta sai in ji kamar za ta sake, sai in ƙara wuta. Cinyoyina suka ɗau zafi, zufa ta jiƙa mini rigar shadda ruwan ƙasa da ke jikina.

"Ɗiyar nan akwai himma," in ji Alhaji da ƙarfi. "Taho mu gaisa mana."

Dole na sauka na durƙusa. "Ina kwana, Baba Alhaji."

Ya miƙo hannu a hankali ya cire wani abu daga gefen ɗankwalina, ya ɗaga shi a rana. Gashin kaza ne, ja, da ɗigon fari.

"Wannan hwa, sabon yayin ɗinki ne?"

Sai hawaye suka zubo mini. Gwaggo ce ta yi masa bayani, tun daga Inna har zuwa awaki. Ya saurara yana juya gashin a yatsunsa.

"Talatu, takardar hayar da kinka sa wa hannu ta ce ba kiwo. Wanda ya zauna sashen nan kahin ku agwagi ya tara, sai da anka yashe rijiyar nan sau biyu. Ni ba mugu ba ne, ba ni son in zama sanadin mutuwar maganar auren ɗiyar mutane. Amma in anka rubuta sunan gidana cikin masu ƙazanta ranar Alhamis, da ku da kazar duk ku nemi wani wuri. In kuwa duba-gari ya sa hannu ya ce ba laihi, ni ma ba laihi."

"Baba Alhaji, to me dokar ta ce?"

"Yo ni ina na sani? Tawa dokar na sani."

Yana fita maƙwabciyarmu ta ɗaga labulenta. Sunanta Salomi, amma Maman Glory muke ce mata. 'Yar kudancin Kaduna ce, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta rashin tsoro.

"Ƙanwata, tun jiya nake jin warin kaza da turare, na yi shiru ne kawai. Har yaushe za ki ɓoye ta? Ki je ofishin ki tambaya mana."

"In je in kai kaina?"

"To zauna, matan guruf su yi ta karanta miki doka."

Laraba da safe na saka atamfata kore mai ganye, na zumbula hijabi ruwan toka har ƙasa don kada a gane ni, na hau mashin. Duk hanya addu'a nake yi, ina ji kamar in ce ya juya. Ofishin ɗaki ɗaya ne da dogon benci da fankar da ba ta juyawa. Wani dattijo na samu cikin kaki, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Malam Garba sunansa.

"Ranka ya daɗe, tambaya na zo yi. Wata ƙawata ce take da kaza."

"To, madalla. Kaza nawa gare ta, ƙawar taki?"

"Ɗaya. Da ƙwai goma sha ɗaya. Ana ƙirga ƙwai?"

Ya cire gilashin ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ko murmushi ban yi ba.

"Wa ya ce maki ƙirga za mu yi?"

"An ce ƙonewa za ku yi."

"An ce, an ce. Tun Litinin mutum uku kacal suka tako nan suka tambaya, ke ce ta huɗu. Sauran sun kwashe kajinsu sun kai ƙauye, wasu sun yanke na yankawa. Yarinya, kaji sun mutu a unguwarku, shi ya sa za mu zaga mu ga yadda ake ajiye su. Lafiyayyar kaza ba abin da zai haɗa mu da ita. Buɗe kunnenki."

Na buɗe, har da wayata na fito da ita ina rubutawa. Ya ce kada a bar ta tana yawo a gidan da ake haya, a yi mata akurki mai ƙofa. Ya zama nesa da inda ake girki, kuma taku goma aƙalla daga bakin rijiya. A share kashinta kullum a binne. In ta yi rashin lafiya ko ta mutu kada a jefar a bola, a zo a faɗa. Mai kwanci kuma a riƙa duba ƙwanta a fitar da baragurbi, don in ya fashe wari da ƙuda sai sun tashi gida.

"Ba a ɗaki ba dai ko?" ya tambaya yana kallona ta saman gilashi. "Don wasu har ƙarƙashin gado suke turawa."

Na sunkuyar da kai.

"Maganar mai gida kuwa ba tamu ba ce, tsakaninku ce da shi. Gobe ni zan zo gidan ƙawar taki. In na same ki can kada ki ji kunya."

Na fito zuciyata ta ɗan yi sanyi. Da la'asar ni da Maman Glory muka fasa wani karyayyen benci, ta kawo tsohuwar ragar taga, muka buga akurki a kusurwar katangar baya. Sau biyu na daki babban yatsana da guduma. Da muka gama sai sabon tashin hankali ya taso: taku goma na wa? Na auna daga rijiya da nawa takun, tara. Gwaggo ta auna da nata, sha uku. Maman Glory ta auna, goma cif, amma ta ce ba ta da tabbas ko ta ɗan rage na ƙarshe. Bayan akurkin katanga ce, ba inda za a matsa. Na tuna tsawon Malam Garba, na yi ta ƙoƙarin tuna ko dogayen ƙafafu gare shi, na kasa.

Haka na sake ɗaukar tukunyar nan na kai akurki. Wannan karon kazar ta miƙe tsaye, ta fito, ta zaga, ta tsaya tana kallon ƙwan kamar ba ta san su ba. Na tsuguna na kama ragar, ina cewa, "Don Allah, don Annabi." Ta yi ta caccakar ƙasa kusan minti goma. Sannan ta koma ta haye.

Alhamis ƙarfe goma suka iso, Malam Garba da littafinsa, Alhaji Sodangi na biye da shi. Na saka hijabin jiya, don ba amfanin ɓoyewa.

"A'a, ƙawar ba ta nan ne?" in ji Malam Garba. Gwaggo ta rasa gane zancen, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage.

Ya leƙa rijiya, ya leƙa madafa, ya leƙa makewayi. Sannan ya jingina dugadugansa da bakin rijiyar ya fara takawa. Ina ƙirgawa a zuci, Gwaggo na ƙirgawa a fili. Bakwai. Takwas. A na tara na rufe ido.

"Goma sha ɗaya," in ji shi. "Ni gajere ne, kin ci sa'a."

Ya duba idon kazar da hancinta, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya cike wata 'yar takarda ya buga hatimi ya miƙo mini. Alhaji ya karɓa ya karanta sau biyu, ya ce to, ta zauna har ta ƙyanƙyashe, daga nan a san inda za a kai su. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakar gidan haya, da rana tsaka, ba kunya.

A bakin ƙofa Malam Garba ya waiwayo. "Kwananta nawa a kai?"

"Sha uku, ranka ya daɗe."

"To lokacin dubawa ya yi. A fitar da baragurbi, kada ki manta."

Na ɗauki hoton takardar na tura wa Ikrima da alamar dariya har biyar. Na rubuta, "Hukuma ta bar mini kazata. Saura kwana takwas, ka fara ɗinkin babbar riga." Ya karanta. Bai ce komai ba, na ce ko yana cikin ruwa da inji.

Mu a Birchi a kunne muke girgiza ƙwai mu ji ko ya ruɓe. Maman Glory ta ce wannan wahalar da ɗan tsako ne, ita a gidansu haskawa ake yi. Bayan azahar na zaro huɗu daga ƙarƙashin kazar, ta sassare ni a bayan hannu har da jini, na naɗe su a tsumma mai ɗumi na shiga ɗakinta. Ta saki labule, muka lulluɓa da bargo mu biyu, ta kunna tocilar wayarta.

"Kwana sha uku, za ki ga ciki ya yi duhu, da jijiyoyi ja kamar saiwa. Wani har motsi za ki gani. Ki shirya ganin 'ya'yanki."

Ta ɗora na farko a kan hasken. Hasken ya ratsa shi tas. Ba duhu, ba jijiya, sai inuwar gwaiduwa tana lilo a hankali.

"Wannan ba komai. Ana samun ɗaya ko biyu. Miƙo wani."

Na biyu haka. Na uku haka. A na huɗu ta daina magana. Na mayar da su na ɗebo wasu. Muka haska goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sau biyu. Duk fayau suke.

Na yaye bargon na fashe da kuka. "Ni na kashe su. Sau biyu ina ɗaga ta, na kai ta ɗaki, na turara mata hayaƙi. Maman Glory, da gaske ne ashe, hannuna ne."

Ta kama kafaɗuna ta girgiza ni. "Turai, kalle ni. Aikina ke nan, kallon abu a haske. In ɗan tsako ya fara ya mutu, sai ya bar alama, za ki ga zoben jini ko baƙin tabo. Waɗannan ba abin da ya mutu a cikinsu, don ba abin da ya taɓa farawa. Kazar da ta yi ƙwan nan ba ta ga zakara ba."

"Kamar yaya? A Kurfi? Kowane gida da zakara, kaji kuma yawo suke yi."

"Mai yawo ba za ta yi sha ɗaya duka haka ba. Sai dai in tsare ta aka yi ita kaɗai, sati da satuttuka." Sannan ta ce a hankali, "Ko shekara za ta yi a kansu, ba abin da zai fito."

Ban san Gwaggo na bakin ƙofa ba sai da na ji salatinta. Ta shigo ta zube a gefen katifa, ɗankwalinta a hannu.

Maman Glory ta ce, "Akwai dabara. Ana samun 'yan tsakin gida na kwana ɗaya. Ranar ashirin da ɗaya a zare ƙwan a tura mata su, kaza ba ta ƙirga 'ya'ya."

Gwaggo ta cafke hannuna. "A yi haka. Turai, ki ruhwa mana asiri. Mi zan ce ma uwarki? In sunan nan ya liƙe maki, ba Kurfi kaɗai ba, ko a Birchi ba mai sake tako ƙohwar gidanku."

Na kusa cewa to. Wallahi bakina har ya buɗe. Sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi duk tsoron kwana huɗun nan. Idan Inna ta san abin da ta zuba a dusar nan, ranar da na kai mata 'yan tsaki ta san ƙarya na yi, kuma a gaban dangi za ta faɗa. Idan na je hannu wofi, ni ce mai farar ƙafa ta biyu. Duk ta inda na bi, a tafin hannunta nake. Na sha wahalar mai gida, na sha ta hukuma, na auna taku, na samo hatimi, duk a kan ƙwan da tun daga Kurfi babu rai a cikinsu.

Amma zuciya ba ta son yarda da mugun abu. Na ce wataƙila tsautsayi ne. Wataƙila an yanka zakaransu da Sallah, tsohuwa ba ta lura ba. Kuma ko Inna ta sani, Ikrima ai ba ruwansa da harkar kaji, shi da ke wuni a bakin ruwa. Na goge fuskata na ɗauki waya. Na rubuta dogon bayani na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe abin da na tura ke nan:

"Akwai zakara a gidanku?"

Nan take ya karanta. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Gwaggo na ta tambaya mi ya ce, mi ya ce, ni kuwa idona na kan wayar. Sai saƙon ya shigo.

"Wa ya haska maki ƙwan?"

Na koma sama na sake karanta nawa saƙon. Kalma huɗu ce. Ban ambaci ƙwai ba, ban ambaci haske ba. Na ƙara matsawa sama har na iso na ranar Litinin, inda ya ce in bar su su ɗauke ta, ai ba laifina ba ne. Na tuna yadda ya tsura wa tayar mashin ido. Ban taɓa jin tsoron mutum irin yadda na ji tsoron Ikrima a wannan minti ba, kuma abin haushin, son nasa bai ragu ko kaɗan ba.

Wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa na yawo a kai. Ta taga ina hango kazar a akurkinta, taku goma sha ɗaya daga rijiya, ta baje fukafukai tana ta faman kwanci. Na kife wayar a kan katifa.

"Ba ki ɗauka?" in ji Gwaggo.

Na jawo hijabina. "Gwaggo, wa muka sani a Wurma? Gidan su Sumayya nake so a nuna mini."